"Daji ba ya son ƙarfe": maganin gida da sankarar kai da wuya a ƙasar Katsina

Akwai tambayar da likitan kunne da hanci da maƙogwaro ke yi wa kusan duk wanda ya zo masa da kumburi a wuya: "Baba, an yi wani magani a gida?" Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "A'a likita, addu'a ce kawai." Sai an warware rawani ko an zame mayafi a ga sawun tsaga jere a kan kumburin, wani ya kame wani yana ruwa, ga baƙin shafe-shafe ya bushe a gefe. Ba ƙarya dattijon ya shirya ba. Kunya ce da gudun faɗa, kuma a lissafinsa abin da wanzamin unguwa ya yi bai shiga cikin "magani" irin wanda mai farar riga ke nufi ba.

Abin da likitoci ke kira sankarar kai da wuya tarin cututtuka ne da suka yi tarayya a unguwa ɗaya ta jiki: leɓe, harshe, dasashi, ganɗa, maƙoshi, akwatin murya, kogon hanci, da wani lungu can bayan hanci wanda ido ba ya kaiwa sai da kyamara. Ciwon ƙwaƙwalwa ba ya ciki. Manyan masu jawo ta su ne sigari, da garin taba da ake cusawa a kunci ko ƙarƙashin leɓe, da giya, sai wasu ƙwayoyin bairos guda biyu, HPV a maƙoshi da Epstein-Barr a bayan hanci. Wannan ta bayan hanci tana cikin waɗanda asibitocin arewa suka fi gani, kuma tana kama wanda bai taɓa riƙe karan sigari ba, har da matasa. Muguntarta ita ce ba ta cika fara nuna kanta a inda take ba. Mutum zai ji kunne ɗaya ya toshe, ko ƙofar hanci ɗaya, ko haɓo jefi-jefi, sannan wata kaluluwa mai tauri ta fito a gefen wuya, ba zafi ba raɗaɗi.

Rashin zafin nan shi ne tarko na farko. Abin da ba ya ciwo ba ya kai Bahaushe asibiti, balle a lokacin damina. Tarko na biyu kuwa shi ne kumburin yana waje, ana ganinsa, ana taɓa shi. Ciwon da ke cikin hanta ko hanji ba wanda zai ce bari ya sa masa aska, amma na wuya kowa likitansa ne. Wannan ya ce hangum ne, waccan ta ce maƙoƙo, wani ya ce sanyi ne ya taru. Idan murya ce ta dishe a ce belu ne ya sauko, a kira wanzami ya cire. Idan ƙurji ne a harshe a ce zafi ne ya yi yawa, a jiƙa sabara. In abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a fara kallon kishiya ko abokin gaba a kasuwa, magana ta koma jifa. Kowane mataki yana cin makonni. Mutumin da ya fito daga wani ƙauye ta wajen Mai'aduwa ko Zango, kafin ya bi ta kemis, ya bi ta mai tallar magani da lasifika ranar kasuwa, ya bi ta malami, ya iso Daura, a tura shi Katsina, galibi an yi girbi an ci sabon gero.

Ita kanta kalmar "daji", ko "jeji" kamar yadda wasu ke faɗi a nan, tana da hannu a rikicin. A bakin mutanenmu daji buhu ne mai faɗi. Kumburin ƙafa mai ja da zafi daji ne, gyambon da ya daɗe daji ne, wasu ƙuraje masu yaɗo daji ne. Yawancin waɗannan ƙwayoyin cuta ne na yau da kullum, wasu suna warkewa da kansu. Saboda haka idan mai magani ya rantse cewa ya warkar da masu daji ba adadi, mai yiwuwa gaskiya yake faɗi a ma'anarsa. Haka kumburin wuya: mafi yawansa ba sankara ba ne. Kaluluwar ciwon haƙori ce, ko ta mura, ko tarin fuka da ya sauka a wuya, wanda ake magancewa da ƙwayoyi na wata shida kyauta. Shaidar da ake yaɗawa a majalisa, "wallahi irin wannan ne ya fito wa ƙanina, shafawa uku ya baje", ta wani ciwo ce daban mai kama da wannan. Ido ba ya bambance su, yatsa ma ba ya yi. Sai an ɗebi ɗan abin da ke ciki an duba da madubin ɗakin gwaji.

A nan ne maganar da kowa ya sani ke tsayawa a ƙofa: daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Na daɗe ina tunanin inda wannan magana ta samo ƙarfi, kuma ina ganin tana da 'yar gaskiya a gindinta, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Mutane sun ga an kai mara lafiya asibiti, an yi masa aiki, bai yi wata biyu ba ya rasu. Abin da ba su lissafa ba shi ne wata goma sha da ya yi a gida kafin a kai shi. Sun kuma ga an tsaga kumburi ya buɗe ya zama miki mai wari da ba ya rufewa. Wannan kam yana faruwa, kuma likitoci ma sun yarda da shi: ƙa'idar aikinsu ita ce ba a yanka kaluluwar wuya kai tsaye sai an leƙa hanci da maƙogwaro an nemo tushen, sannan a zuƙo ɗan abin gwaji da siririyar allura wadda ba ta yaɗa cutar. Ƙarfen da ke ɓata lamari shi ne wanda aka sa ba tare da sanin abin da ke ƙarƙashi ba, aska ko ƙaho ko sakiya, a wurin da manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suka ratsa. Abin mamaki, wanda ya ƙi allurar gwaji saboda daji ba ya son ƙarfe sau da yawa shi ne mai sawun tsaga a wuya.

Yawan masu haɗa magani ba ƙanƙane ba ne. A asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato an tambayi masu ciwon daji 240, aka buga sakamakon a 2017: kusan biyu cikin kowane uku suna amfani da wani abu ban da na asibiti, addu'a da itatuwa a kan gaba. Shekara goma kafin nan an yi irin wannan tambaya a Inugu ga mutum 160, aka sami kashi 65 cikin ɗari, kuma fiye da rabin masu amfanin ba su faɗa wa likita ba. Turawa ma suna yi. Wani ƙaramin bincike na 2006 kan masu sankarar kai da wuya 75 a ƙasashen Turai ya sami sama da ɗaya cikin biyar. Don haka ba batun jahilci ba ne kamar yadda wasu 'yan boko ke saurin yankewa. Mai digiri yana sayen nasa a kwalba mai kyakkyawar takarda ta WhatsApp, na ƙauye yana karɓar nasa a ƙullin leda.

Masana sun raba wannan harka gida biyu, kuma rabon yana da amfani. Akwai abin da ake yi tare da maganin asibiti don a sami sauƙin wahala, mu kira shi ɗan rakiya. Akwai kuma abin da ake yi a maimakon na asibiti. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun bi sawun mutum 281 da suka zaɓi na maimako zalla, masu sankarar mama da mafitsarar maza da huhu da hanji, suka kwatanta su da waɗanda suka karɓi na asibiti. Haɗarin mutuwar masu na maimako ya ninka sau biyu da rabi. A wani nazarin na 2018 suka duba masu haɗawa, suka ga su ma mutuwarsu ta fi yawa, amma da aka bi diddigi sai aka tarar dalilin shi ne sun fi ƙin karɓar wani sashe na maganin, wannan ya ƙi tiyata, wancan ya gudu daga kemo, wato ruwan maganin sankara da ake ɗurawa a jijiya. Ɗan rakiya ne ya hau kujerar mai gida.

A sankarar kai da wuya lokaci yana da tsada ta musamman. Wadda aka kama da wuri a kan igiyar murya, kimanin 9 cikin 10 suna rabuwa da ita, kuma da muryarsu. Idan ta cika maƙogwaro, sau da yawa sai a cire akwatin muryar gaba ɗaya, mutum ya koma numfashi ta rami a wuya, ba karatun salla a bayyane, ba kiran sunan jika. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun watanni ce kawai, watannin da ake kashewa ana cire belu ana shan zuma da citta.

To, a ce an dace an iso, an yi gwaji, an fara gashi, wato gasa ƙarin da wani haske mai ƙarfi daga na'ura. Nan ne zagaye na biyu na maganin gida ke farawa, kuma na fi tausaya wa masu yinsa. Gashin kai da wuya yana cikin mafi wuyar sha a duk maganin sankara. Kwana biyar a mako, mako shida zuwa bakwai, kan mutum a ɗaure cikin wata rigar fuska ta roba da aka ƙera daidai shi. Sau da yawa ana haɗawa da ruwan kemo mai suna sisplatin. Daga mako na uku baki ya fara salewa, miyau ya kafe ko ya yi kauri kamar dalayi, tuwo ya koma kamar ƙasa a harshe, haɗiyar ruwa ma sai an runtse ido. 'Yan dubiya su zo su ga mutum ya fi lalacewa a kan yadda aka kawo shi, sai wata gwaggo ta ja matarsa gefe: "Ke, ku ɗauke shi, ƙona shi suke yi." Gaskiyar ita ce wannan wahala an san da zuwanta, kuma tana lafawa makonni bayan an gama. Abin da ba ya gyaruwa shi ne tsayar da gashin a tsakiya. Ƙwayoyin sankarar da suka rage suna ƙara saurin hayayyafa a daidai wannan lokaci, kowace rana da aka tsallake tana rage damar warkewa. Mako biyu a gida "a ɗan huta a gwada na Hausa" yana iya cinye ribar makonni huɗun da aka sha.

Zuma tana da wuri a nan, kuma ina jin daɗin faɗin haka. A 2003 wasu likitoci a Maleshiya sun gwada ta ga masu karɓar gashi 40, rabinsu suna haɗiyar mililita 20 a hankali minti 15 kafin gashi, minti 15 bayansa, da kuma bayan awa shida. Salewar baki mai tsanani ta yi ƙasa sosai a cikinsu. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya a Ingila da Kanada da wata zuma ta daban ba su ga wannan amfani ba, amma jimillar shaidar ta isa har ƙungiyar ƙwararru ta duniya mai fitar da ƙa'idojin kula da bakin masu sankara ta sa zuma cikin abin da za a iya gwadawa. Ga mai karanta suratun Nahli wannan ba labari ba ne. Sai dai a riƙe iyakar abin: zuma tana sassauta miki, ba ta taɓa ƙarin da ke ƙarƙashi. Mai ciwon sukari sai ya yi shawara. Bakin da miyau ya kafe haƙoransa suna saurin ruɓewa, don haka a kurkure bayan an sha. Sannan wace zuma? Wadda ake dafawa da sukari a zuba 'yan matattun ƙudan zuma a kai don shaida, wannan alewa ce.

Kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri da bekin soda sau da yawa a rana, wannan ma'aikatan jinya da kansu suke koyarwa. Kada a ce kanwa 'yar uwar soda ce a musanya, ta fi ƙarfin baki mai rauni. Goro da yaji da shayi mai tururi su dakata. Sigari kuwa, wanda ya ci gaba da sha yana karɓar gashi yana rage wa gashin kaifi da hannunsa.

Misalin da ya fi ba ni tsoro bai fito daga wurin boka ba, daga kantin magani ya fito. A lardin Kwibek na Kanada an raba masu sankarar kai da wuya 540 gida biyu, aka ba wasu bitamin E mai yawa, da farko har da sinadarin karas, lokacin gashi da bayansa, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba komai a ciki. An buga sakamakon a 2005. Cutar ta fi dawowa a cikin masu shan bitamin, musamman waɗanda ba su bar sigari ba. Bayanin da ake bayarwa shi ne abin da ke kare lafiyayyen nama daga gashi yana iya kare sankarar ma. Idan bitamin mai tsabta da awo zai yi haka, me za a ce da kwalbar "ƙarin garkuwar jiki" da ɗan uwa ya aiko daga Abuja, ko gorar jiƙo da ba wanda ya san abin da ke ciki?

Sisplatin ta ƙoda yake fita, kuma yana gajiyar da ita, shi ya sa ake ɗura wa mutum ruwa leda-leda kafin a sa shi da bayan an sa. Duk wani jiƙo mai sa gudawa da sunan wankin ciki yana tsotse ruwan da ƙodar ke buƙata. Haka ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ake saye a bakin tasha, waɗanda wasu marasa tsoron Allah ke dakawa su zuba a garin magani don mai sha ya ji sauƙi nan take. Wasu kuma "sha ka fashe" suke haɗawa. Irin wannan ƙwaya tana iya saɓe wani nau'in sankarar kaluluwa na 'yan makonni, a yi ta murna ana kai tukwici, sannan ta dawo, kuma ta rikita sakamakon gwaji. Tafarnuwa da citta a miya ba su da laifi, amma shan su da yawa a matsayin magani gab da tiyata yana iya hana jini tsayawa, shi ya sa masu sa barci ke son a dakatar da irin waɗannan mako biyu kafin aiki. Azumi ma ya shigo nan. Mai karɓar kemo da gashi mara lafiya ne da shari'a ta yi wa rangwame, ya sha ya rama.

Akwai dokokin abinci da masu magani ke kafawa: ban da nama, ban da ƙwai, ban da madara, ban da mai. Ga wanda haɗiya ta zame masa aiki, wannan hukunci ne mai nauyi. Idan ya rame, rigar fuskar nan ta yi masa yawa, saitin gashi ya goce, ƙarfin jure kemo ya tafi. Kunun gyaɗa mai kauri da madara, fura da dafaffen nono a dama ta yi laushi, ƙwai, romo, alale mai taushi, waɗannan su ne abokan tafiyarsa. Haƙori kuma, duk wanda aka gasa wa muƙamuƙi kada ya yarda mai cire haƙori na kasuwa ya taɓa shi, ko bayan shekaru ne, domin ƙashin da ya sha gashi yana iya ƙin warkewa ya ruɓe. Fatar wuya ma kada a shafa mata man zafi ko wani haɗi sai an nuna wa masu gashin.

Addu'a, tofi, sauraron Alƙur'ani, sadaka, ruwan zamzam, ban san likitan kirki da zai hana su ba, kuma mutumin da zuciyarsa ta natsu ya fi iya kai mako na bakwai. Hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta bai ce maganin yana shagon wane ba. Inda nake da ja shi ne masu shagunan da ke fakewa da addini su ce wa mutum ya ajiye takardar asibiti, habbatus sauda da man zaitun sun wadatar. Fitsarin raƙumi ma ya shigo kasuwa. A Saudiyya likitoci sun bi masu sankara 20 da suka nace sai sun sha shi, aka buga a 2023: ba wanda ya amfana, biyu kuma sun kamu da zazzaɓin burusela da ake ɗauka daga dabbobi. Lambar NAFDAC da mai talla ke ɗagawa sama, a maganin gargajiya galibi shaida ce ta cewa an duba ba a ga guba a ciki ba. A jikin kwalbar da kanta akan rubuta da Turanci cewa hukumar ba ta tantance abin da ake cewa yana warkarwa ba.

Masu cewa ai na asibitin ma daga itace yake, sun yi gaskiya. Paklitaksel da dosetaksel da ake ba masu wannan cuta daga wata bishiya ta ƙasashen sanyi aka samo su, binkristin daga wani fure na Madagaska, maganin zazzaɓin cizon sauro na yau daga dangin tazargade. Wataƙila akwai wani abu a hano ko gwandar daji da jikokinmu za su amfana da shi. Amma kowane ɗaya daga cikin waɗancan sai da aka ware sinadarin, aka auna shi, aka gwada a kan dubban mutane aka ƙirga waɗanda suka rayu da waɗanda suka mutu. Ganyen da ya kashe ƙwayar sankara a kwanon gwaji na jami'a bai gama ko zangon farko ba.

Ba zan rufe ido ga kuɗi ba, domin shi ne ƙashin bayan zancen. Mai magani yana karɓar abin da ya samu, ko kaza, ko alkawarin bayan girbi, yana magana da harshen da ake ji, yana kuma cewa "in sha Allahu kwana bakwai." Asibiti yana cewa a je hoto, a je gwaji, a jira sakamako, a nemo masauki na wata biyu. Asusun tallafin masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 da mama da bakin mahaifa da mafitsarar maza ya fara, mai ciwon maƙogwaro bai shiga ciki ba a lokacin. Shekaru da dama duk Bakatsinen da ke buƙatar gashi sai ya nufi Shika ko Sakkwato ko Abuja. A 2025 aka buɗe cibiyar kula da masu sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tare da irinta a Inugu da Benin, wanda ya rage wa mutumin Daura ko Mashi ko Dutsin-ma nisan tafiya ƙwarai.

Saura gyaran baki tsakanin ɓangarorin biyu. Likitan da ya tarbi mutum da "ina kuka tsaya sai yanzu?" ya rufe ƙofar jin gaskiya, daga ranar za a riƙa ɓoye gorar jiƙo a ƙarƙashin gado. Da zai ce, "Inna, kowa yana ɗan taɓa na gida, me da me kike sha in ga wanda zai tafi da namu?" da an zazzage masa jaka. Mai jinya kuma ya kwaso komai, ƙulli da kwalba da gora, ya ajiye a kan tebur. Wanzamai da masu kemis su ne ke fara ganin waɗannan mutane watanni kafin kowane likita, kuma abin da ake buƙata su riƙe bai da yawa: mikin baki da ya wuce mako uku bai warke ba, muryar da ta dishe mako uku, kaluluwa mai tauri marar zafi da ke ƙaruwa, hanci ko kunne ɗaya da ya toshe wa babba tare da haɓo. Wanzamin da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya mayar da aska cikin zabira, ya ce, "Alhaji, wannan ba nawa ba ne, a je Katsina a leƙa da kyamara tukuna."